Wuƙar kicin daga ƙarfen sifirin: ruwa ko mai, kuma wace irin ƙota?

Mai Walda, Rigasa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga manya. Gwaggona tana sayar da abinci, kuma ta ishe ni da ƙorafin wuƙaƙen kasuwa, wai ko ƙotar robar ta tsage ko bakin ya dakushe tun ba a je ko'ina ba. Na ce mata zan ƙera mata da hannuna. Na samo guntun sifirin na tsohuwar mota, ina da guduma da giranda, na kuma haɗa ɗan murhu da fankar hura wuta. Walda dai sana'ata ce, ƙira kuwa kallo kawai na sha yi. To in na gama bugu, a ruwa zan tsoma ta ko a mai? Sannan ƙota, in ƙona rami in cusa wutsiyar wuƙar, wato siririn ƙarshenta, kamar yadda maƙeran gargajiya ke yi, ko in sa katako biyu gefe da gefe in ɗaure da ƙusa?

Bakanike, Kurmin Mashi:
Wa alaikumus salam. Baƙin mai, oga. Kar ka wahalar da kanka. Biyo ta gareji in cika maka galan kyauta, duk kurfin da muke gyarawa a ciki muke tsomawa.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga ruwa ko mai, fara duba ƙarfen kansa. Sifirin da ya yi shekaru a ƙarƙashin mota yana lanƙwasa yana miƙewa a kan titunanmu, sau da yawa yana da ƙananan tsagu waɗanda tsatsa ta rufe. Goge shi da giranda har ya yi fari, ka duba sosai kusa da ramin tsakiya inda ake ɗaure shi. In ka ga layi siriri, yanke wurin ka yar, don bugu ba ya haɗe tsaga, buɗe ta yake yi.

Yawancin sifirin na mota irin ƙarfen da ake kira 5160 ne ko danginsa. Kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 cikin ɗari ne, da ɗan kuromiyam. Irin wannan ƙarfe mai yake so. Ruwa yana sanyaya shi da sauri fiye da kima, ga wuƙar kicin siririya ce, sai dai ka ji ƙas a cikin bokiti. Amma ban yarda da baƙin mai ba. Datti ne na inji, hayaƙinsa guba ne ga mai shaƙa, kuma albasar mutane za a yanka da wannan wuƙa. Nemi man girki, lita biyu zuwa uku, a gwangwanin ƙarfe mai zurfi mai murfi. Ɗumama shi tukuna, ka jefa guntun ƙarfe mai zafi a ciki har ya yi ɗumin da yatsa zai iya jurewa na ɗan lokaci. Murfin kuma ya zauna kusa, ko da wuta za ta kama.

Bakanike, Kurmin Mashi:
Lita uku na man girki? Injiniya ka je kasuwa kwanan nan kuwa? Gwaggo ta ji an tsoma ƙarfe a man gyaɗa lita uku ai cewa za ta yi a bar wuƙar, a kawo mata man.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Ba ƙarewa yake yi ba, malam. A rufe a ajiye, zai yi wuƙaƙe da yawa. Ko wanda aka gama suya da shi ma ya yi, in an tace.

Ɗan Baba Maƙeri, Tudun Wada:
Na karanta wa Baba tambayar, ga abin da ya ce in rubuta:

Ka gaya wa yaron nan, mu da ruwa muka taso. Amma ƙarfen da iyayenmu suka buga ba wannan ba ne, kuma ba ruwan randa mai sanyi ake ɗebowa ba, ruwan kaskon maƙera ne da ya wuni ana tsoma awartaki a ciki. Sannan ba a nutsa wuƙa gaba ɗaya. Baki kawai ake taɓawa da ruwan, a ɗaga, a sake taɓawa, a bar zafin da ya rage a baya ya sauko a hankali. Wannan aikin hannu ne da ido, ba a koyonsa a waya. Tunda shi sabon shiga ne kuma sifirin ne a hannunsa, ya bi maganar Injiniya ya sa a mai.

Abin da na fi jin tsoro ba tsomawar ba ce, wutar ce. Masu fanka ba su da haƙuri. Zuga-zugi in ka gaji ka tsaya, fanka ba ta gajiya, kafin ka juya ƙarfe ya fara tartsatsi a cikin wuta. Ƙarfen da ya yi tartsatsi a wuta ya ƙone, ko ka gyara shi zai riƙa gutsurewa a baki. Ya nemi gawayin ƙirya, ya farfasa shi ƙanana daidai da juna. Ya yi bugu in ƙarfe ya yi ja mai haske zuwa ruwan lemo, da ya ga jan ya fara mutuwa ya mayar wuta. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, mai bugun sifirin da sanyi shi ke fasa shi da hannunsa. Kuma kar ya yi aikin a tsakar rana a fili, rana tana ɓoye launin ƙarfe, ka ga kamar bai yi ja ba alhali ya wuce. Ya shiga inuwa ko ya bari sai bayan la'asar sakaliya.

Mai Walda, Rigasa:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. A gaya masa ba ni da uwar maƙera. Wani ya ce zai kawo mini guntun layin dogo.

Bakanike, Kurmin Mashi:
Kai, rufa wa kanka asiri. Kana Rigasa kusa da tasha za a ga guntun layin dogo a shagonka? Ana kama mutane a kan wannan. Je Panteka ka nemi kan babbar guduma ko guntun ƙarfe mai kauri, ka dasa a kututture. Wuƙa ba ta buƙatar fili mai faɗi.

Hajiya Mai Abinci, Kawo:
Salamu alaikum. Tun safe nake ganin saƙonni suna shigowa, sai yanzu na zauna. Kun yi maganar mai, kun yi ta gawayi, har layin dogo an taɓo, amma ban ga wanda ya tambayi me gwaggon nan take yankawa ba, kuma yaya take yankawa.

Ni na yi amfani da wuƙar maƙera ba ɗaya ba. Kaifi kam akwai, ba na musu. Amma ku maza in za ku ƙera mana wuƙa sai ku yi ta kamar za a shiga daji sara. Baya mai kauri, nauyi a gaba. Ka sa ta a albasa, bakin ya shiga, kaurin bayan ya buɗe albasar ta tsage kafin a kai ƙasa. Doya ma haka, fashewa take yi maimakon ta yanku. Wadda za ta yanka albasa kwano guda da asuba, wuyan hannunta ne ke biyan kuɗin wannan nauyi.

Sannan ɗana, je ka tsaya ka kalli gwaggonka tana aiki. Yawancinmu ba a kan katako muke yanka kuɓewa da alayyafo ba. A hannu muke riƙewa. Kuɓewa a tsakanin yatsu, wuƙa tana zuwa ta tsaya a kan babban yatsa. Alayyafo a dunƙule shi a hannun hagu a riƙa shaftarsa sirara yana zuba a roba. Wannan aikin ƙaramar wuƙa yake so, mara nauyi, wadda tsawon bakinta bai wuce tafin hannu da kaɗan ba. Wannan doguwar mai faɗi da kuke gani a bidiyon Turawa ta kan katako ce. Tana da amfani wajen kabeji da nama da kabewa, amma in ita kaɗai ka kai mata, za ta yi maka godiya ta ajiye a kwando ta koma wa tsohuwarta.

Mai Walda, Rigasa:
Wallahi Hajiya kamar kin san ta. A hannu take yanka kusan komai. Ni kuwa na riga na zana doguwa a kwali.

Hajiya Mai Abinci, Kawo:
To ajiye kwalin ka je ka karɓo wuƙar da ta fi so, ko da ta lalace. Ita za ka auna.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Hajiya ta taɓo inda aikin yake. Sifirin yana da kauri, wani milimita 6, wani 8 ko fiye. Wuƙar kicin kuwa bayanta kusa da ƙota bai kamata ya wuce milimita 2 zuwa 3 ba, yana sirancewa zuwa tsini. Ka ga ke nan yawancin gumin da za ka yi na baza ƙarfe ne. Shi ya sa wuƙaƙen da yawa ke fitowa da kauri, mutum ya gaji ya ce ya isa haka. Shawarata, tsaga sifirin ɗin a tsaye da giranda ka ɗauki siririn yanki, kar ka fara da faɗinsa gaba ɗaya. Ƙaramin yanki zai ba ka wuƙar da Hajiya ta kwatanta har da saura.

Kuma yankan wuƙa ba a bakin kaɗai yake ba. Abin da ke bayan bakin shi ne ke ratsa albasa. Gangaren ya taso tun daga kusa da baya ya sauko a hankali har baki, ba ka bar ta da kauri sannan ka yi ɗan gajeren gangare a ƙarshe irin na gatari ba. Sai dai kafin tsomawa ka bar bakin da kaurin kamar milimita 1. In ka sirance shi sosai zai murɗe a mai. Ragowar gurzar bayan an taurara ake yi, a hankali, kana tsoma ta a ruwa a kai a kai. Da ka ga bakin ya yi shuɗi a kan giranda, wurin ya saki.

Bakano a Kaduna:
Ni dai ina ta kallonku. Duk wannan wahala a kan wuƙa ɗaya? Ku zo Kurmi a Kano ku ga wuƙaƙe da kube har sai kun gaji. Zazzagawa dai akwai son wahala. Ko ka shiga kasuwar Gumi ka sayi silba mara tsatsa ka huta.

Mahauci, Zango:
Bakano kana cin arzikin garinmu kana zaginmu. Mara tsatsar da kake faɗa, ta arha, ni ba na kai ta wurin aiki. Ka wasa ta yanzu, kafin ka gama cinya ɗaya ta kwanta. Baƙin ƙarfe kuwa shafa biyu a dutse ya tashi.

Injiniya, Unguwar Rimi:
A yi wa mara tsatsa adalci, akwai masu kyau ƙwarai, tsada ce da su. Tun 1913 Harry Brearley ya fito da irin wannan ƙarfe a Sheffield ta Ingila, garin da ya yi suna a wuƙaƙe. Sirrinsa kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Na arhar da ke cika kasuwa kabon ɗinsu kaɗan ne, ba a kuma taurara su sosai, shi ya sa suke saurin dakushewa. Kuma ba ƙarfen da za a taurara a murhun gawayi ba ne, yana son zafi sama da digiri 1000 na ma'aunin Celsius da aka auna daidai. Mai Walda ya tsaya a sifirinsa.

Maman Yara, Badarawa:
Tambaya daga gefe. Ni abin da ya raba ni da wuƙar maƙera shi ne baƙin da take bari a albasa, da wani ɗan ƙarni-ƙarni. Lafiya kuwa?

Hajiya Mai Abinci, Kawo:
Na sabuwa ne, 'yar uwa. In ta kwana biyu tana aiki sai jikinta ya yi toka-toka, daga nan ta daina. Kar ki kankare wannan launin da soson ƙarfe, shi ke kare ta. Jan tsatsa ne abin gudu. In kin yanka tumatir ko lemon tsami ki ɗauraye nan take ki goge, ki shafa ɗan mai in za ta kwana. Abin da ke kashe ta shi ne a jefa ta a bahon wanke-wanke ta wuni, kuma yaran aiki ba su da aikin da ya wuce wannan.

Kafinta, Tsohuwar Panteka:
Tunda an zo kan bahon wanke-wanke, bari in shigo, don nan ne ƙota ke mutuwa. Ni ina bayan katako biyu da ƙusa, kuma zan faɗi dalili.

Ƙona rami yana da sauri, amma me wuta ke bari a cikin ramin? Gawayi. Ranar farko wutsiya ta kama gam. Ana aiki gawayin nan yana marmashewa, ruwa yana shiga ta bakin ramin, wutsiya tana tsatsa a ciki inda ba mai gani. Wata rana sai ka ji tana ƙwas-ƙwas, sai a fara cusa tsinke ko a naɗe da roba. Ruwan nama da na kifi duk suna gangarawa can ciki, ka sunsuna bakin ƙotar tsohuwar wuƙa ka ji.

In kuwa ka bar ƙarfen ya tafi da faɗinsa har ƙarshen ƙota, ka manna katako hagu da dama da gam, ka sa ƙusa biyu ko uku, babu ramin da ruwa zai kwanta. Amma ka huda ramukan ƙusa tun kafin ka tsoma a mai. Sifirin da ya taurara ba ya hudawa, sai dai ka ƙone bakin injin huda a banza. Ƙusa kuma kana da ita a shago, sandar tagullar nan da kuke walda da gas, mai milimita 3 ko 4. Ba ta tsatsa. Gam ka sayi Araldite mai jinkirin kamawa, ba na minti biyar ba. Kankare fuskar ƙarfen da ta katakon da sanfefa mai kaushi, ka goge maiƙo da sifirit, ka matse, ka bar shi ya kwana. Matsewar ma ba har gam ɗin ya tsiyaye duka ba. In za ka dasa kan ƙusar, taɓawa kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma, in ka zage ƙarfi katakon zai tsage daga ramin.

Ɗan Baba Maƙeri, Tudun Wada:
Baba ya yi dariya, ya ce a gaya wa Kafinta wuƙar da ya gani tana ƙwas-ƙwas aikin mai gaggawa ne na ranar kasuwa. Ya ce:

Ba a ɗaukar wutsiya ja-wur a tura a itace har ƙarshe. Ana fara huda ƙaramin rami. A naɗe wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma don kar zafi ya hau bakin. A ɗumama wutsiya, ba sai ta yi ja sosai ba, a tura kaɗan a zare, a kakkaɓe, a sake. In ya rage kamar faɗin yatsa ta ƙarasa shiga, a tsaya. A kankare baƙin da ke ciki da siririn ƙarfe. Sauran faɗin yatsan nan da sanyi ake kora shi, a riƙe wuƙar tsini sama a buga gindin ƙotar, itace mai rai ne zai kama ta ba gawayi ba. Kafin nan an riga an sa zobe a wuyan ƙota don kar ta tsage, guntun bututun jan ƙarfe ya isa. A narka kakin zuma a toshe bakin ramin. Wanda ke son ƙari ya bar wutsiyar ta fito ta gindi ya lanƙwasa ko ya dasa kanta.

Ya ce kuma Kafinta ya tuna maganar Hajiya. Ƙarfe mai faɗi har ƙarshen ƙota nauyi ne. Kuma ranar da ƙotar ta lalace, tamu bugu ɗaya za a cire a sa sabuwa, tasa sai an yi yaƙi da gam.

Kafinta, Tsohuwar Panteka:
Allah ya ja kwana Baba, ban musa ba in hannunka ne ya yi. Amma maƙera nawa ne ke tsayawa su kankare ramin? Nauyi kuma ana rage shi, a huda ƙarin ramuka a ƙarfen da katako zai rufe, ko a sirance shi zuwa baya.

Injiniya, Unguwar Rimi:
A nan ina tare da Baba fiye da yadda na zata. Wuƙaƙen kicin na gargajiya na Japan, irin na garin Sakai, haka ake sa musu ƙota: siririyar wutsiya a ɗumama a kora cikin itace mara nauyi, da zoben ƙahon ɓauna a wuya. Masu dafa abinci na can suna canza ƙota in ta tsufa su ci gaba da wuƙarsu. Irin na Jamus, na Solingen, su ne suka fi yin katako biyu da ƙusa, kuma sun fi nauyi. Kowanne yana aiki. Ana ma iya haɗa biyun, a yi ramin Baba, a zuba gam ɗin Kafinta a ciki maimakon kaki, ruwa ba shi da hanya.

Kafinta, Tsohuwar Panteka:
In an zuba gam ai maganar bugu ɗaya a cire ta tashi.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Ta tashi kam. Sai a fasa ƙotar. Kowa ya zaɓi wadda zai iya ɗauka.

Mahauci, Zango:
Ku dai ko wacce za ku yi, kar ku goge ta ta yi santsi kuna neman kyau. Hannu in ya sha kitse, ƙota mai sheƙi zamewa take yi, kuma gaba hannun ke tafiya, wajen kaifi. Kar a yi ta zagaye sumul kamar muciya, juyawa take a hannu. A ɗan baje gefenta, a bar ɗan tudu a ƙasa kusa da wuya inda yatsa zai tokare. Mu da yawa muna naɗa robar tib saboda haka.

Hajiya Mai Abinci, Kawo:
Robar tib dai a bar muku ita a mayanka. Ni ba ta shiga kicin ɗina, ƙarƙashinta duk datti ne. Sauran maganarka gaskiya ce. Kuma a auna da hannun mace, ba hannun mai walda ba.

Kafinta, Tsohuwar Panteka:
Saura itace, kuma wannan ya fi gardamar rami da ƙusa muhimmanci a garin nan. Kaduna damina ta yi ruwa sosai, itace ya sha danshi ya kumbura. Hunturu ya zo ya tsotse shi. Ƙotar da aka sa da ɗanyen itace a watan Agusta, kafin Janairu ta ja jiki, ko ta saki wutsiya ko ka ji gefen ƙarfe ya fito yana cizon tafin hannu. Kar ka sayi sabon katako daga 'yan timba ka sa a ranar. Nemi wanda ya shekara a bushe. Mafi sauƙi, tambayi gwaggo ko akwai karyayyar taɓarya a gida. Yawanci ƙirya ce, ta bushe tuntuni, ta sha man hannu, ba abin da hunturu zai ƙara mata. Kanya ma tana da kyau, da marke. Maɗaci yana da sauƙin aiki kuma bai kai ƙirya nauyi ba, ga wuƙar hannu irin ta Hajiya ni shi zan ɗauka, guntun tsohuwar kujera ko ƙofa ya isa. Maɗobiya, wadda 'yan timba ke kira madrid, ta fi su kyan gani, amma masu kai ta Sin sun yi mata ɓarna sosai, musamman a Taraba, samun ta yanzu sai an dace. Melaina da farin katakon silin kar ka soma, ruwa suke sha.

Kar ka shafa banish, ɓarewa yake yi. Man kaɗanya ko kakin zuma, a ɗumama a murza, a bari ya sha, a sake.

Mai Walda, Rigasa:
Jama'a ga inda aka kwana. Na karɓo tsohuwar wuƙar gwaggo na auna. Na tsaga sifirin, na buga ƙarama mai siririyar wutsiya. Hoton ne na tura yanzu. Akwai taɓarya kuma, an ba ni. Gobe in sha Allahu zan tsoma. Yaya zan gane zafin ya kai?

Injiniya, Unguwar Rimi:
Ma sha Allah, ta yi siffa. Kar ka tsoma kai tsaye. Bugu yana barin ƙarfe a takure, ƙwayoyinsa kuma sun yi girma saboda zafi. Ɗora ta a wuta ta yi ja daidai, ka fitar ka riƙe a iska har jan ya mutu ta yi baƙi. Yi haka sau uku, kowanne zafinsa ya ɗan gaza na baya. Wannan ke rage murɗewa da karyewa.

Na zafi kuma, ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika ka ɗaure a waya. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Sifirin yana son ya ɗan wuce nan, wajen 830. Wato in ya daina kamawa, mayar da ita wuta ta ɗan ƙara haske kaɗan, launin ya zama iri ɗaya daga wuya har tsini. Kula da tsinin, shi ke riga zafi, ka sa bayan wuƙar a ƙasa wajen garwashi. Daga wuta zuwa mai ba tsayawa. Ta shiga a miƙe, ka motsa ta sama da ƙasa ko gaba da baya ta bin kaifi, ban da gefe da gefe. Wutsiya ba sai ta shiga ba, gara ta zauna da taushi. In ta huce, ja magagari a bakin. Ya zame yana ƙara bai ci ba, ta taurara.

Daga nan kar ka ajiye ta sai gobe, kar ka gwada sara da ita, a wannan halin faɗuwa ƙasa ma na iya karya ta. Wanke man, ka sa ta a oban na gida a digiri 200, awa ɗaya zuwa biyu, ta huce, ka maimaita.

Mai Walda, Rigasa:
Injiniya oban kuma? A Rigasa? Ko akwai shi, wutar awa biyu a jere fa?

Ɗan Baba Maƙeri, Tudun Wada:
Baba ya ce bar Injiniya da obansa. Goge gefen wuƙar ya yi fari tas. Sa wani ƙarfe mai kauri a wuta ya yi ja, ka fitar, ka ɗora bayan wuƙar a kansa, kaifi yana sama. Zuba ido. Launi zai taso daga baya yana tafiya wajen baki, fari ya koma ruwan busasshiyar ciyawa, ya koma ruwan zuma, ya yi ja-ja, sannan shuɗi. Kana jan ta gaba da baya don kar wuri ɗaya ya riga. Da ruwan ciyawar nan ya isa baki, ɗauke ka tsoma. Baya ya yi shuɗi ba laifi, ya fi ma. Baki ya yi shuɗi kuwa, wuƙar za ta yanka amma kullum tana kan dutse. Ya ce wannan kam da hasken rana ake yi, ba kamar tsomawa ba.

Injiniya, Unguwar Rimi:
Na sallama. Ruwan ciyawar nan wajen digiri 220 zuwa 230 ne, shuɗi kusan 300, lissafin ɗaya ne. In ta ɗan karkace a mai, lokacin da take da wannan zafin ne za ka iya miƙar da ita a hankali a bais, wato abin matse ƙarfe, ba bayan ta huce ba.

Hajiya Mai Abinci, Kawo:
In ka gama kar ka manne ƙotar sai ta riƙe ta a hannu tukuna. Kai mata da kuɓewa biyar ka tsaya ka gani. Sannan ka kashe kaifin gefen bayan da sanfefa, wurin da yatsa ke kwanciya, maƙera suna mantawa da shi sai ya yi wa mutum kanta.

Kafinta, Tsohuwar Panteka:
Sauran rabin sifirin fa? Buga doguwar da ka zana a kwali, ka kawo ta Panteka in sa mata katako biyu da hannuna, ba ko sisi. A ba gwaggo duka biyun, mu ga wadda za ta fara motsi in hunturu ya shigo.

Ɗan Baba Maƙeri, Tudun Wada:
Baba ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: ƙaramar a kawo masa ya ga ramin kafin a kora wutsiya, kuma itacen duka biyun ya fito daga taɓarya ɗaya.

Mai Walda, Rigasa:
An gama. Asabar bayan azahar zan biyo Tudun Wada da ita, daga nan in wuce Panteka. Bakanike, kana da guntun bututun jan ƙarfe na tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ko firji? Wanda babban yatsa zai shiga nake so.

Bakanike, Kurmin Mashi:
Na firji ya yi siriri. Akwai mai gyaran iyakwandishan kusa da mu, zan karɓo maka. Galan ɗin baƙin man ma yana nan in ka canza shawara.